Yadda Ake Kama 'Ya'yan Kifi a Tankin Gilashi Mai Shuke-shuke

Duk wanda ke ajiye gupi, moli ko filati a tankin gilashi, wata rana zai wayi gari ya ga wasu 'yan mitsi-mitsin idanu suna leƙowa daga cikin ganye. Macen ta haihu cikin dare. Waɗannan kifaye ba ƙwai suke sakawa ba, 'ya'ya suke haifa da ransu. Jaririn gupi bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, kuma yana faɗowa yake neman maɓoya, domin uwar da ta haife shi ma za ta iya haɗiye shi. Abin da yawancin mutane ke yi a wannan lokaci shi ne su ɗauko raga su shiga bin su lungu-lungu. Kafin a ankara shukar da aka yi watanni ana lallaɓawa ta tumɓuke, dattin ƙasa ya tashi, ruwa ya gurɓace, 'ya'yan da aka kama ba su taka kara sun karya ba, wasu ma an matse su a jikin gilashi.

A tankin da ke da shuke-shuke ba a bin ɗan kifi. Ya fi hannunka sauri, ya kuma fi ka sanin wurin. Jawo shi ake yi zuwa fili, da abinci, da haske, da rage masa wurin gudu, sannan a bar shi ya shiga abin kamun da kansa. Duk dabarun da ke tafe a kan wannan suke.

Sai an kama su dole?

Ka fara tambayar kanka wannan, don sau da yawa amsar a'a ce. Idan tankinka cike yake da gansakukar Java, ko ciyawar ruwa mai siraran ganye da ake kira honwot, ko kainuwa mai dogayen saiwoyi, kuma gupi kaɗai ke ciki, wasu daga cikin 'ya'yan za su tsira ba tare da ka sa hannu ba. Macen gupi takan haifi 20 zuwa 50 a ciki ɗaya, ta sake haihuwa bayan kusan mako 4, kuma tana iya adana maniyyin namiji ta yi haihuwa da yawa a jere ko da an cire namijin. Wanda ya ce sai ya ceci kowane ɗa, nan da 'yan watanni zai rasa inda zai zuba su.

Kamun yana zama dole idan akwai manyan kifaye masu farauta a tare da su, irin su enjel ko golfish, ko idan kana son tsare wani launi da ka sha wahalar samu, ko kuma za ka raba wa 'yan'uwa. In haka ne, mu ci gaba.

Masauki kafin kamu

Kada ka fara kamu sai wurin da za ka sa 'ya'yan ya kammala. Roba mai tsabta mai ɗaukar lita 10 zuwa 20 ta isa, ko ƙaramin tanki in kana da shi. Ka cika ta da ruwan babban tankin da aka haife su a ciki, ba sabon ruwa ba. Wannan ruwan suka sani, zafinsa da sinadaransa su jikinsu ya saba da su. Ka jefa ɗan dunƙulen gansakuka a ciki don su sami wurin fakewa, akwai kuma ƙananan halittu a jikinta da suke tsinta. Kada ka zuba tsakuwa a ƙasa, don ka riƙa ganin ragowar abinci kana zuƙe shi. In kana da injin iska, ka sa matacin soso, ka rage ƙarfin kumfar sosai.

A nan Zariya akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci, wato sanyi. Gupi da danginsa suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. A watannin Disamba da Janairu kuwa, da asuba sanyin garin nan yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma ƙaramar roba ta fi babban tanki saurin hucewa nesa ba kusa ba. Ko kana da hita, in an ɗauke wuta da tsakar dare ba ta da amfani. Don haka a lokacin hunturu na fi son a bar 'ya'yan a cikin babban tankin, amma a keɓe. Ka samo robar ajiye abinci mai haske, ka gasa allura ka huhhuda gefunanta da ƙananan ramuka waɗanda ɗan kifi ba zai iya bi ba, ka sa ta ta yi iyo a saman tankin, ka maƙale bakinta a jikin gilashi da abin maƙale shanya. Ruwa ɗaya, zafi ɗaya, manya kuma sai dai su gani da ido. Da dare ka lulluɓe tankin da bargo, ka bar 'yar kafa ta iska. A watan Maris da Afrilu matsalar juyawa take yi: ƙaramar roba kusa da taga za ta ɗau zafi har 'ya'yan su galabaita, sai a kai ta inuwa.

Kayan aiki da hannunka

Kana bukatar raga biyu masu laushi da ƙananan ido, ɗaya babba ɗaya ƙarama. Sai kofin roba mai haske, ƙaramin kwano mai faɗi, bokiti, tiyo na zuƙo ruwa, tocila, da babbar sirinji sabuwa ta mililita 50 ko 60 daga kemis, ba allura, wadda za ka soka wa ɗan guntun siririn tiyon iska a baki. In ba raga ta biyu, sabon matacin shayi na roba zai yi aikin kora.

Abu guda nake roƙonka: kada ka yanki gidan sauro ka ɗinka raga da shi. Gidan sauron da ake rabawa a asibitoci da unguwanni an jiƙa shi da maganin ƙwari, kuma wannan maganin guba ne mai ƙarfi ga kifi, ɗan kaɗan ya isa ya kashe tanki guda. Haka bokitin da aka taɓa jiƙa wanki a ciki, haka kofin da aka wanke da sabulu ba a ɗauraye sosai ba. Kayan kifi su zama na kifi kaɗai.

Hannu ma haka. Lokacin hunturu kowa na shafe da mai saboda kaushi, ga turare, ga wanda ya kunna maganin sauro ya taɓa. Ka wanke hannu har gwiwa, ka ɗauraye da ruwa zalla sau da yawa har sai santsin ya tafi, sannan ka tsoma.

Rage musu wurin gudu

Ka cire hita daga soket, ka ba ta kamar minti 15 ta huce, domin hita mai zafi in ruwa ya sauka ya bar ta a fili tana iya tsagewa. Ka kashe filta, wato injin tace ruwa. Ruwa ya tsaya cik, ganye ya daina kaɗawa, idonka zai fi ganin motsin 'ya'yan.

Sai ka zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ko rabi in tankin mai zurfi ne. Ka ɗaura ɗan soso a bakin tiyon don kada ya ja ɗan kifi. Ruwan da ka zuƙo shi za ka cika robar masauki da shi, ragowar ka ajiye a bokiti don mayarwa. Da ruwa ya ragu, dogayen shuke-shuke za su kwanta a sama, hannunka zai kai ko'ina ba tare da ka nutsa kafaɗa ba, ɗan kifin kuma ba shi da zurfin da zai nutse ya ɓace maka.

Manyan fa? In ba su da yawa, kuma suna zuwa hannu in an kawo abinci, ya fi sauƙi ka kwashe su zuwa bokitin ruwan tankin ka rufe, domin moli da kifin da ake kira mai wutsiyar takobi suna tsalle. Da manya sun bar wurin, ka koma gefe ka zauna minti 20 zuwa 30. Za ka sha mamakin yawan 'ya'yan da za su fito fili, waɗanda ba ka ma san da su ba. Tsoron manya ne ya ɓoye su, ba tsoronka ba. In kwashe manyan zai jawo wata kokawar, ka bar su, ka zuba musu abinci a ɗaya kusurwar su shagala can.

Fara da na sama

Jariran gupi da moli sun fi taruwa a saman ruwa, cikin saiwar abin da ke iyo. Nan ne rabin aikinka yake, kuma ba ya bukatar raga ko kaɗan. Ka nutsa kwanon nan mai faɗi a wuri nesa da kainuwar, ka tafi da shi a hankali ta ƙarƙashinta, sannan ka ɗago shi sama da kainuwar da ruwan da duk abin da ke ciki. Ɗan kifi in ya ji motsi cikin saiwa yake ƙara shigewa, ba ya ficewa, wannan ɗabi'ar tasa ce take kawo maka shi. A cikin kwanon sai ka ɗaga kainuwar ka girgiza ta kaɗan a ruwan, ka ajiye ta gefe, 'ya'yan na nan a ƙasa suna zagaye. Dunƙulen gansakukar da ba a ɗaure ba, da shukar anubiyas da ke manne a ɗan itace ko dutse, duk haka za ka yi musu.

Tunda an ambaci kainuwa: ta yi wa 'ya'yan kifi rana ƙwarai, kuma da damina tana cika kududdufai a cikin Birni da kewaye. Amma wadda aka tsinko daga kududdufi tana zuwa da baƙi: ƙwarin ruwa masu cin ƙananan kifi, matsattsaku, da katantanwa. Wasu katantanwar irin wannan ruwa su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, don haka kada a tura yaro ya shiga ya ɗebo. Ka nema wajen wani mai tanki. In kuwa ba makawa, ka ɗauko da sanda, ka wanke, ka ajiye ta a bokiti daban na mako 2 kana dubawa.

Waɗanda ke yawo a sama su kaɗai, kofi ne maganinsu. Ka murmushe abincin kifi tsakanin yatsu ya zama gari, ka barbaɗa ɗan ƙanƙani a inda babu ganye. In sun taru, ka nutsa gindin kofin a tsaye kusa da su, bakinsa yana sama da ruwa kaɗan, sannan ka karkata bakin ya nutse a gefen da suke. Ruwa zai kwarara ciki da sauri ya tafi da su. Wannan dabarar na fi so a kan kowacce, domin ɗan kifin bai taɓa barin ruwa ba, babu abin da ya goge jikinsa. Sirrin kawai kada inuwar hannunka ta faɗo musu daga sama, kuma kofin ya zama mai haske.

Raga biyu, ɗaya ba ta motsi

Na tsakiyar ruwa su ake yi wa raga. Ka kafa babbar a kusurwar gaba, gefenta manne da gilashi, bakinta yana kallon tsawon tankin, ka riƙe ta kada ta motsa. Da ƙaramar, ko da yatsun ɗaya hannun, ka shiga bayan shuke-shuken kana taɓa ganye sannu-sannu, kana turo su zuwa gaba. Kamar yadda ake kora kaji akurki da magariba: in ka matsa da gudu sai su watse, in ka tafi a hankali sai su bi bango su shige. Ɗan kifi ma gilashi yake bi, gilashin kuma zai kai shi bakin ragar.

Da ya shiga, kada ka fizgo. Ka juya bakin ragar sama, ka ɗago ta har bakinta ya fito amma cikinta na cikin ruwa, ka sa kofi ka ɗebe shi daga ciki. Jikin jariri ba ya jure a ɗaga shi a busasshiyar raga, yakan manne a zare, wajen ɓamɓaro shi a ji masa rauni. Kuma kada ka taɓa matse raga a jikin gilashi don tare wanda ke shirin kuɓucewa. Ka bar shi ya tafi, zai sake zagayowa.

Aikin ya fi daɗi da mutum biyu. In ƙaninka ko ɗanka ne zai taya ka, ka ba shi ragar da ke tsaye, ka ce masa: "Riƙe nan, ko ka ga ya shiga kada ka ɗaga, ce mini kawai, Yaya ga shi." Yara sun fi mu kaifin ido a wannan aikin, hannunsu ne ke da gaggawa.

Masu maƙalewa a gindin shuka

Akwai waɗanda ba za su fito ba ko me ka yi. Suna can gindin ciyawa, ko tsakanin dutse da gilashi. Shukar da ta kafa saiwa a ƙasa ba a cire ta saboda ɗan kifi. In ka tumɓuke ta saiwar za ta karye, takin da ke ƙasa ya tashi, bayan kwana kaɗan ka ga ruwa ya yi kore. Nan sirinji ke shigowa. Ka tura sandarta ciki tun kafin ka nutsa, ka kai bakin tiyon kusa da kan ɗan kifin a hankali, kamar santimita 1, sannan ka ja da ɗan sauri sau ɗaya. Ka fitar da shi cikin kofi a hankali. Wannan na jariran kwana ɗaya zuwa uku ne. Wanda ya fi ramin tiyon kauri kada ka gwada, musamman 'ya'yan moli da suke fitowa da ɗan girma.

Tocila da tarkon gora

Ragowar ka bar wa dare. Ka mayar da ruwa, ka kashe fitilar tanki da ta ɗaki na awa ɗaya ko biyu, daren da aka ɗauke wuta ma ya yi daidai. Sai ka haska tocila a kusurwa guda ta sama, ka jira. Wasu za su taso wajen hasken. Wasu kuma za ka gan su kwance a kan ganye ko a ƙasa, barci bai sake su ba, ba su da kuzarin rana. Cikin 'yan mintunan nan kofi ko sirinji na ɗaukar su ba wahala.

In tankin ya cika da shuka har hannu ba ya shiga, ka yi tarko. Ka samo gorar ruwa ta roba, ka wanke, ka cire takardar jikinta. Ka yanke kashi ɗaya cikin uku na sama, ka juya shi ka cusa cikin gindin, bakin gorar yana kallon ciki. Ka bar murfin a kai amma ka huda masa rami na milimita 6 zuwa 8, wanda jariri zai bi amma babba ba zai iya ba, ka kankare bakin ramin ya yi sumul. Ka huhhuda jikin gorar da allura mai zafi don ruwa ya riƙa wucewa, ka sa 'yar tsakuwa ta danne ta, da ɗan garin abinci. Ka kwantar da ita a gefen shuke-shuken. Ka riƙa dubawa duk rabin awa. Kada ka bar ta ta kwana, domin iskar da ke cikin ruwan gorar tana ƙarewa, abincin kuma yana ruɓa.

Kafin ka kunna filta, ka buɗe ta a cikin kwano ka duba. Sau da yawa akan tarar da 'ya'ya da ransu a ciki. Daga yau kuma ka sa wa bakin da ke jan ruwa hular soso.

Masu saka ƙwai daban ne. 'Ya'yan daniyo da golfish suna ƙyanƙyashewa siraran gaske, su manne a gilashi ko ganye na kwana 2 zuwa 3 suna cin ragowar gwaiduwar da ke cikinsu. Waɗannan ba a sa musu raga sam. Ko dai a ɗauke iyayen, ko, in na golfish ne, a ɗauke ganyen da ƙwan ke jiki a cikin kwano da ruwansa.

Bayan sun shiga hannu

In ruwan masaukin ya daɗe a ajiye har ya huce, ka sa kofin ya yi iyo a ciki na minti 15 kafin ka juye. Bambancin zafi kada ya wuce digiri 1 ko 2.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau 3 zuwa 5 a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Garin abincin manya ya wadatar. In kana son su yi saurin girma, ka leƙa shagunan abincin kaji da kifi, ka tambayi abin da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke fara ba nasu: atimiya (wasu mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri), da garin farko mai lamba 0.2 ko 0.3. Gwaiduwar dafaffen ƙwai ma suna ci, amma abin da tsinken ashana zai ɗauko ya isa, don tana ɓata ruwa nan da nan. Yawan abinci ya fi yunwa kashe 'ya'yan kifi.

Duk kwana biyu ka zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo zuwa farin bokiti, ka duba bokitin kafin ka zubar, ka maye gurbin kamar kashi ɗaya cikin biyar na ruwan. Ruwan famfo ya kwana a buɗe awa 24 saboda sinadarin kulorin, ko ka ɗiga masa maganin cire shi. Na burtsatse da na rijiya ma su kwana a ɗakin, su sha iska, zafinsu ya daidaita da na tanki. In daga 'yan garuwa kake saye, ka tabbata jarkar ba ta taɓa ɗaukar kananzir ko fetur ba. Wajen zubawa, sabuwar robar ƙarin ruwa daga kemis tana da amfani ƙwarai, don tana da abin rage gudu, ruwan ya riƙa ɗiga ba tare da ya wujijjiga su ba.

Za su koma babban tanki idan sun fi ƙarfin bakin mafi girman kifin da ke ciki. Ga tankin gupi, hakan yakan kama mako 4 zuwa 6, tsawonsu ya kai kamar santimita 1.5 zuwa 2. Ka ciyar da manyan tukuna, ka rage haske, ka sake su kusa da ganye. A daidai wannan lokacin ne ake fara gane jinsi: macen tana da baƙin tabo a ƙasan ciki, namijin kuma fiffiken da ke ƙarƙashin cikinsa yana tsukewa ya yi tsini. In ba ka son su cika maka gida, ka raba su tun lokacin, don gupi na fara haihuwa yana da wata 2 zuwa 3. Rarar ka ba masu sha'awa ko mai sayar da kifin ado. Kada ka juye su a kogin Kubanni, kogin Galma ko wani kududdufi. Asalin gupi daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne da tsibiran da ke kusa irin su Tirinidad, kuma a wurare da dama da aka sake shi ya yaɗu ya takura wa ƙananan kifayen wurin.

Ka rubuta ranar da ka fara ganin 'ya'yan. Bayan kwana 21 ka fara sa wa uwar ido. In cikinta ya yi kusurwa ta gaba, tabon ya ƙara duhu da faɗi, ta ware kanta tana tsayawa wuri guda, haihuwa ta kusa. Sai ka tara kainuwa ko honwot mai yawa a kusurwa ɗaya ta gaba, inda kwanonka zai shiga ƙarƙashi ba tare da ya taɓa komai ba, ka rage abin da ke iyo a sauran wuraren. Da safe ka fara ɗaga wannan kusurwar.